Littafin Zartsi

Kun tsallako kogi tun asuba, Porimol,
don ku ga littafinmu na Nolkhali.
Ga shi, bangonsa ya sha damina biyu.
Zauna, shayin bai huce ba.

Wani jami'i ya taɓa zuwa daga Khulna
a kwale-kwale mai inji.
Ya tsaya kan madatsa, takalminsa bai taɓa laka ba,
ya rubuta: ruwan sha wadatacce.
Muka ce, zartsi ne. Ya ce, gida nawa?
Muka dubi juna.
Kowa ya san ƙishinsa,
babu wanda ya san jimla.

To, ku fara da sanin abin da kuke nema.
Mu da tambaya sha tara muka fito.
Momtaj ta zauna musu kamar mai gyaran kifi,
ta zubar da ƙaya, ta bar mana biyar.

Kada ka sa wa mutum amsa a baki.
In ka ce, "Ai ruwanku da gishiri, ko?"
zai ce e don ya rabu da kai.
Ce masa, "Jiya ina kuka ɗebo?"
sannan ka yi shiru.
Shirun nan ma aiki ne.

Ka yi sallama, ka faɗi dalilinka,
wanda ya ƙi, ka gode masa.
Suna na mai shi ne, lamba ta ishe ka.
Maigida zai ce tafki kusa yake;
tambayi wadda tulu ya yi wa kanta a ƙugu.

Kwana uku muna kewaye gidan Onjoli,
can ƙarshen madatsa, inda ƙafa ke nutsewa,
matar da damisa ta ɗauke wa miji.
Da kunya ta kai mu,
sai ga wadda ta fi kowa nisan tafiya.
In hanya ta yi daɗi da yawa, ɗana,
akwai wanda ka tsallake.

"Ban sani ba" amsa ce. Rubuta ta haka.

Daren lissafi, fitila ɗaya, mu shida.
Mun sha rantsuwa duk garin ne.
Sai ga ɗari da arba'in da uku
cikin gida ɗari biyu da sha biyu.
Kawu Shubol ya ce, ƙara kaɗan, wa zai sani?
Na ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Muka sake ƙirgawa. Bai motsa ba.

Littafin ya kuma tona mu:
tankin ruwan sama goma sha ɗaya
famfo kawai suka rasa.
Wannan ba sai an je Khulna ba.

Kafin ofis, ku karanta wa gari.
A filin makaranta wata 'yar aji huɗu
ta ce mun rubuta kakarta sau biyu.
Gaskiyarta. Muka goge, muka rage ɗaya.
Ku kwafa biyu, ɗaya ta kwana a gida.

Jami'in? Ya karanta a tsaye,
ya kai shafi na uku, ya ja kujera.
Sauran labarin yana tafe, a hankali.

Af, ajiye biron nan, karɓi fensir,
tawada ba ta jure ruwan sama.
Tashi, kogi ya fara janyewa.