Ƙurar da Ke Ɗinki

Shekara ashirin da shida Baba ya yi a masaƙar Kakuri,
tsaye gaban injin, burbushin auduga na sauka masa kamar furfura.
Ya shaƙa, ya tofar, ya sha shayi, ya koma.
An ɗaure ƙofar masaƙa da sarƙa, ciyawa ta cinye harabar,
amma injin da ke ƙirjinsa bai san an tashi aiki ba.
Da dare ina jin sa ta bango:
ƙur, ƙur, sai tari, sai salati.

Likita ya ɗaga hoton ƙirjin a hasken taga.
Huhu saƙa ce, in ji shi, ta fi yanar gizo laushi.
In ta yage, jiki yakan yi mata faci,
sai dai jiki tela ne na jajibirin salla:
zare mai kauri yake sawa,
ya ɗinke har ƙofar da iska za ta bi.
Tabo ke nan.
Tabo ba ya numfashi.

Ni kuwa aikina ƙetaren gada, a ɗaki mai sanyi,
farar riga, safar hannu,
da ruwa a kwalba wanda ido zai rantse ruwa ne kawai.
Tsaga kaurin gashin kanka gida dubu,
ɗauki ɗaya: girman abin da ke iyo a ciki ke nan.
Muna ɗora musu magani
yadda tururuwa ke ɗaukar ƙwayar gero,
mu aike su lungun da allura ba ta san hanyarsa ba.

Ranar Asabar na ba Baba labari, yana kwance bayan rediyo.
Ya yi dariya har dariyar ta rikiɗe tari.
“Ladidi, ƙura ta cinye min huhu,
ke kuma ƙura kike dafa wa mutane?”

Na yi shiru, don ni na san keji na bakwai.

Ni da Zigwai muka ƙirga su da asuba.
Ɓerayen keji na huɗu sun farfaɗo,
kumburi ya sace, ƴan buhunan iska sun buɗe
kamar kosai a mai.
Na bakwai kuwa, abu ɗaya muka ba su,
siffa ce kawai ta bambanta:
waɗancan dunƙulallu, waɗannan dogaye kamar tsinke.
Masu sharar huhu suka zo haɗiya, ya tsaya musu a wuya,
suka yi kururuwa, jiki ya kawo zarensa mai kauri.
Zigwai ta rufe littafi, ta ce mu je mu ci masa.
Ba wadda ta ci.

Da na faɗa wa Baba wannan, bai yi dariya ba.
Ya sa aka ɗauko masa tsohuwar atamfa a ƙasan akwati,
saƙar injinsa, mai ɗawisu, ta shekarar da aka haife ni.
Ya nuna min inda ƙusa ta taɓa yaga ta.
Na duba, na sake dubawa, ban ga wurin ba.
“Ba cika ramin ake yi ba,” ya ce, ya tsaya ya nemi iska.
“Zare biyu uku za ki gitta, sirara,
ki bi hanyar da saƙar take bi da ma.
Sauran ta san abinta.”

Na san wannan kwalba ba za ta riske shi ba.
Shi ma ya sani, bai taɓa tambaya ba.
Tsakanin ɓera da mutum akwai shekaru,
shi kuwa tsakanin ɗaki da masallaci sau uku yake hutawa.

Litinin na hau keke-napep da atamfar a jaka.
A kan gada, kogi ya cika, ruwan ja ne.
Na ja numfashi ɗaya har ƙasa,
kyauta, ba ko sisi,
na ji kunya,
na sake ja.