Tambayar Tsohon Gandiroba

Shekara ashirin da shida na riƙe makulli
a gidan yarin Birnin Kebbi,
ɗakin can ƙurya, mai taga kamar tafin hannu,
inda ake jiran sa hannun gwamna
yadda manomi ke duban gabas,
sai dai hadarinsu na igiya.

Duk wanda na miƙa wa tuwo
sai na yi masa tambaya ɗaya:
ranar da ka ɗaga hannu, ka tuna da ita?

Nomau na Aliero ya yi dariya har da tari.
Ya ce, "Baba, rana ta take,
albasata kwana huɗu ba ruwa,
Labbo ya toshe magudana da ƙafarsa,
ya ce uwata ta zo ta buɗe.
Fartanya na hannuna.
Ban tuna alƙali ba, ban tuna 'ya'yana ba,
ko sunana ban tuna ba
sai da ƙuda ya sauka a goshinsa
bai kore ba.
Wa ke lissafi in wuta ta kama zuciya?"

Anaruwa kuwa ya yi lissafi.
Wata biyu yana bin sawun ɗan kabu-kabu
don babur ja mai sabuwar taya.
Ya ce, "Na san da ita sarai.
Na ɗauka ta wawaye ce, waɗanda ake kamawa.
Ni da na zaɓi daren da ba wata,
na zaɓi rijiya."

Na ce a raina, to shi ke nan,
mutum-mutumi ne a gonar gero,
tsuntsaye na hutawa a kafaɗarsa.

Bayan na ajiye kaki,
ran kasuwar Jega, wajen masu buhu,
wani ya riƙe mini hannu, ya ce shi ne Kakale,
ƙanen Labbo.
Muka zauna a inuwar mota.
Ya ce, "Daren da muka rufe shi na wasa barho,
na je ƙofar gidan su Nomau
don in ɗauki ƙaninsa a madadi.
Na tsaya har jaki ya yi kuka sau biyu.
Na juyo."
Na ce, me ya juyo da kai?
Ya daɗe yana murza ɓawon albasa.
"Na tuna hukuma ta riƙe shi, za ta biya mu.
Na tuna wuyana.
Kuma wani jariri na tari a ciki.
Kar ka sa in zaɓa, Baba, sai in yi ƙarya."

Nomau bai ga igiyar ba.
Shekara goma sha ɗaya yana jira,
ciwon ciki ya riga gwamna.
A bara, an ce, a kan magudanar nan dai
an sake ɗaukar wani a amalanke.

Ni dai littafina na waɗanda suka iso ne,
suna, lamba, laifi, rana.
Wanda ya kai ƙofa ya juyo
ba shi da lamba.
Yana can yana ban ruwa,
matarsa ma ba ta sani ba.
Su nawa ne? Ɗaya? Dubu?
In na ce na sani, na ci amanar gaskiya.

Har yau in na ɗaure akuyata da magariba
sai na tsaya ina duban ƙullin,
ita tana duban dusa,
ni ina duban igiya.