Jan Biro

Shekara talatin da ɗaya surukata Gudrun
ta yi tana koyarwa a firamaren Gimli.
Har yau da jan biro take yawo a jaka,
kamar za a tare ta a hanya
a ce ga jarrabawa, a duba.

Duk Lahadi takan zo da burodin da ta gasa,
ta dire shi kan teburin da muke cin abinci,
wanda kuma shi ne ajinmu,
ta ture littafin Runa da gefen hannu,
ta dubi taswirar da na manna a jikin firji.
Ba ta taɓa cewa na yi kuskure ba.
Sai dai ta ce, "Eirik, bakwai sau takwas?"
tana yanka burodi, ko kallona ba ta yi.

Lissafi ba ya ba shi tsoro.
Karatu ne.
Shekararsa takwas, haruffa na masa wasan ɓuya,
wannan ya juya baya, wancan ya kife,
ni kuwa da na ji ƙarar motarta
sai in cusa takardunsa ƙasan kwandon wanki.

A watan Fabrairu dusar ƙanƙara ta toshe hanya.
Haldor na can bisa tafkin da ya daskare,
cikin bukkar masunta,
ya bugo waya ya ce kada wanda ya leƙa waje.
Motarta ta nutse har madubi.
Kwana huɗu,
ni da ita da yara biyu da murhun itace.

Ranar farko ta sake min jerin cokula.
Ta biyu ta ce miyata ta yi gishiri,
ta kuma miƙo kwano a ƙara mata.
Ta uku na rasa inda zan kai darasi,
na buɗe littafi a gabanta.
Eirik ya kama layi ɗaya yana kokawa da shi,
yatsa na rawa a ƙarƙashin kalma,
kunnuwa sun yi jawur.
Ina jin numfashinta a ƙeyata.
Ina jiran ta zuge jakar nan.

Ba ta zuge ba.

Tsakar dare na sauko ƙara itace,
na tarar da ita cikin rigar sanyin ɗanta
tana ninke wankin da na bari.
Ta kai ƙasan kwandon.
Takardun na kan cinyarta,
tana shafa su da tafin hannu su miƙe.

Ta ce, "Haldor sai da ya shekara goma."
Na ce, da me?
"Kafin ya iya karatu. A ajina yake.
In layi ya zo kansa sai in dubi agogo
in ce lokaci ya ƙure.
Har ubansa ya rasu bai sani ba."

Shekara goma sha biyu ina auren mutumin nan.
Shi ke karanta wa yara labari kafin barci,
a hankali, yana bin layi da yatsa.
Na ɗauka don su yake yi.

Na ce, to me ya warware shi?
Ta ce, "Na so a ce ni ce.
Wani kundin kayan injin kwalekwale ne, ina jin.
Farashi yake son sani."
Muka yi dariya ƙasa-ƙasa
don kada na sama su farka.

Rana ta huɗu motar share hanya ta iso.
Tana ɗaura gyale a bakin ƙofa
ta ce taswirar nan fa a karkace take.
Na ce na sani.

Da Lahadi ta zagayo, ga burodi,
ga wani tsohon kundi mai warin baƙin mai,
gefensa duk ya ci.
Ta ajiye shi kusa da farantin Eirik,
ba ta ce masa uffan ba,
ta ɗauki wuƙa, ta juya:
"Runa, tara sau shida?"