Lambobin da Na Yi wa Waƙoƙi

Shekara tara ina juye tsofaffin kaset cikin kwamfuta
a rumfata ta Kasuwar Dole.
In wuta ta zo in yi uku, in ta ɗauke in dafa shayi.
Kowace waƙa na rataya mata lamba a wuya,
ba sunan mawaƙi kaɗai ba, wannan kowa ya iya.
"Bikin Habsu, Garin Malam, shekarar da famfo ya ƙafe."
"Kalangu ya fashe a minti na huɗu, kar a yanke."
"Ta majema, in fata ta ƙi laushi."
"Kar a sa wa Alhaji Kiyari, kuka yake yi."

Ran Alhamis, kasuwa ta cika,
ɗan ƙanena ya ce manhajar ta tsufa, bari ya sabunta.
Na tafi azahar, na dawo.
Dubu biyu da ɗari shida, ko ɗaya ba ta ɓata ba,
sai dai duk an tuɓe su:
waƙa ta ɗaya, waƙa ta biyu,
mawaƙi, ba a sani ba.
Kamar ruwa ya kwana yana wanke shunin tumaki,
gari ya waye, garke cike,
ba mai iya nuna tasa.

Ban dake shi ba. Ban kuma ci tuwo ba.

Cima, ƴar maƙwabcina mai karatu a jami'a,
ta zo da yamma, ta ja benci,
ta ce, "Baba Manzo, tsohuwar manhajar
ba a jikin waƙa take rubutu ba,
kundinta daban, kamar mai kanti da littafin bashi.
Ina tsohon faifanka?"
Yana cikin gwangwanin madara,
ƙarƙashin rasit da mataccen batir.
Ta jona. Ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari.
Na ji abin da mai haƙar rijiya ke ji
in ƙasa ta fara sanyi a hannu.

Dubu da ɗari tara suka dawo,
amma da rauni:
duk harafi mai ƙugiya ya zama alamar tambaya.
Ƙwarya ta rasa kai, ɗan Birni ya rasa uba,
kowane layi yana tambayata abin da ni na faɗa masa.
Kwana goma sha ɗaya ina mayar da ƙugiyoyi,
tabarau a karan hanci.

Saura ɗari bakwai, na bayan ajiyar,
su ba kundin da ya san su.
Sai na fito da lasifika bakin hanya.
Ɗan kabu-kabu ya taka birki: "Ta ƴan dambe ce, ta Zango."
Mai gyaran agogo ya ce ƙarya ne, ta mahauta ce.
Na rubuta duka biyun.
Wata tsohuwa mai tallan tsamiya
ta sauke tire ba tare da an taya ba,
ta ce in sa mata wadda na tabbatar da ita,
wadda lambarta ta dawo lafiya: "Zabiya daga Mirriya."
Ta ce, "Wace Mirriya? Yayata ce, Indo,
a Karkada aka haife mu,
mura take yi ranar, ba ka ji ba?"
Na saurara. Ga murar nan.
Shekara tara ina ajiye kuskure
ina share masa ƙura.

Yanzu kundi uku gare ni:
ɗaya a kwamfuta, ɗaya wajen Cima,
ɗaya littafi mai bango, da biro, wanda ba ya sabuntuwa.

Guda ta rage.
Garaya ce, da muryar namiji, da zakara can baya.
Duk Alhamis nake sa ta bayan la'asar.
A gurbin suna na rubuta:
"Ana jiran mai ita."