Tsakanin Finlan da Faransa

Ƙarfe biyun dare a Klaksvík,
ruwan sama na dukan taga kamar mai bin bashi.
Rannvá kaɗai ta rage a ofishin awon kifi,
ita da gahawar da ta daɗe da hucewa.

Da rana tsoho Heðin ya shigo da takardar albashinsa,
ya shimfiɗa, ya danna mata yatsa,
yatsan da igiyar koma ta cinye rabinsa:
"Wane ne wannan mai alamar tambaya a tsakiyar suna?
Shekara arba'in ina kan teku,
yau injinku ne zai tambayi ko ni wane ne?"

Maganar nan ce ta hana ta tafiya gida.

Ta buɗe baƙin allo, ta buga gajeriyar tambaya:
harshe nawa ka iya?
Kwamfuta ta zazzago su kamar an kwance bakin buhu,
Jamusanci kala-kala,
Ingilishi har ya gundure ta.
Ta bi da farce, layi bayan layi.
Ga na Finlan.
Ga na Faransa a ƙeyarsa.
Tsakaninsu ko masakar tsinke babu,
alhali nan ne gurbin nata,
harshen da kakarta ke kiran tumaki da shi a kan dutse.

Ta murza ido, ta sake bi. Shiru kake ji.

Sai ta kutsa can ƙurya, cikin wani fayil mai dogon jeri,
ta iske shi kwance, fo_FO, ba wanda ya goge shi,
ɗan shinge kawai aka gitta a gabansa
kamar tunkiyar da aka turke aka manta.
Wanda ya girka injin baƙo ne,
sauri yake, jirgin ruwa na jiransa.

Ta ɗage shingen. Danni ɗaya.
Injin ya yi ɗan gunaguni, ya haɗiye.
Ta ce masa, yau wace rana?
Ya ce: hósdagur.
Ta tuntsire da dariya, ita da bango.

Firinta ta tofo sabuwar takarda.
Ga Heðin nan cikakke,
harafinsa na uku ya dawo da 'yar sandarsa a kafaɗa,
harafin da baki ba ya furtawa
amma mai suna ya san ranar da ya ɓata.

Ta ninke, ta sa a aljihun rigar ruwa.
Ta san halin tsohon: gobe ba zai yi godiya ba,
zai dubi sunan sau ɗaya,
ya gyara tsayuwa,
sannan ya hau ƙorafin kuɗin sun yi kaɗan.