Huji Biyu

Sheffield, Talata, ruwa ya ƙi ɗaukewa.
Mista Ogden ya miƙe, kafaɗu a sake,
na gwada sanda da wuyan hannunsa,
na rage mata huji biyu. Ƙas!

"Ba wannan hannun ba.
Sanda ba ta bin gefen ciwo."
Ya harare ta kamar baƙon da bai yi sallama ba.
Shekara arba'in yana narka ƙarfe,
yau ɗan siririn ƙarfe zai tallafe shi.

A matakala
mai lafiya ke fara hawa,
mai ciwo ke fara sauka, ita da sanda.
Ya maimaita yana haki.

Robar gindinta sabuwa fil.
Na ce, "Je ka.
Kar ka dawo sai ta cinye."