Abin da Ba Ya Cikin Lissafi

Ƙarfe shida a ƙarƙashin gadar Kawo,
mun kai arba'in, kowa da cebur a kafaɗa.
Motar ɗan kwangila ta rage gudu:
"Birkila nawa ne a nan?"
Mu uku muka ɗaga hannu,
ƙaraminmu ya haura hamsin.

Jatau ya sayar da cokalin gininsa,
yanzu keke yake ja tsakanin Kakuri da Barnawa.
Bulus idonsa ya daina ganin igiya.
Mai shimfiɗa tayil kuwa,
daga Kwatano ake ɗauko shi,
da kuɗin mota, da na masauki,
alhali ga samarinmu zube a bakin titi
suna ƙirga motocin da ba su tsaya ba.

Na ga takardar injiniya a Rigasa.
Yashi tifa shida, rodi, tsakuwa, katako,
har bulon da zai fashe a hanya
an ware masa kuɗinsa.
Na ce, Yallaɓai, ina layin mai koyo?
Ya yi dariya, ya duba agogo:
"Baba, bene na zo ɗagawa kafin damina,
ban zo buɗe makaranta ba."

Ni wanda ya koya mini, shekara huɗu
yana rushe abin da na jera da ƙafarsa,
yana cewa sake.
Siminti ya cinye zanen tafina,
yau ko a banki na'ura ba ta gane yatsana,
amma hannun nan ya san kwaɓin da ya yi ruwa
tun kafin ido ya duba.
Wa zan bar wa wannan?
Ba a naɗe shi a likkafani.

Ranar Laraba, yaron da ke ɗauko mini kwaɓi,
Sallau, ɗan Unguwar Mu'azu,
ya sauke kwano, ya karkata kai:
"Baba, kamar layin can ya ɗan kwanta."
Na aza ma'auni. Ya kwanta.
Faɗin ƙwayar gero, amma ya kwanta.

Da aka tashi cin abinci
na sayi bulo goma daga kuɗin yinina,
na ja shi bayan tarin yashi,
na ɗaura igiya, na miƙa masa cokali.
Ya jera biyar, hannunsa na rawa.
Na sa ƙafa na ture su.

Ya dube ni.
Na ce, sake.